Sunan 'Yar Fari a Ƙofar Sarki

A'a, ba mantuwa na yi ba, 'yar nan. Da gangan ban tambayi uwar sunan yarinyar da ta kawo mana a gaban mutane ba, na zagaya na tambayi ƙanwarta. Matso nan kan tabarma, rana ta kai inda kike. Akwai abin da kakata ta ba ni labari a kan wannan. Ni ban yi karatu mai nisa ba, yadda na ji shi haka zan ba ki.

An ce a wani zamani an yi wani sarki mai son alheri, mai saurin fushi kuma. Tun da aka yaye shi aka kai shi riƙo wurin kawunsa, can wata ƙasa mai nisa wadda al'adarsu daban take da tamu, bai dawo ba sai da mahaifinsa ya rasu aka aika masa ya zo ya gaje shi. Ya iya magana, ya san hukunci, amma akwai kalma ɗaya da ba ya son ji, wato a ce masa ba haka ake yi a nan ba. Wani bafade ya taɓa gaya masa haka da safe, kafin la'asar an tuɓe masa rawani. Tun daga ranar kowa ya kama bakinsa.

To, sai aka yi fari shekara biyu a jere. Mutanen ƙauye suka kwararo birni, suka kakkafa bukkoki a bayan marina, bakin kududdufi, inda in an yi ruwa har ɗaka yake shiga. Maza su tafi dako, mata ƙanana masu goyo su bi gidaje suna surfe da wankau, yara kuwa suna yawo babu mai karantar da su. Sarki ya ga haka, abin ya dame shi. Ya sa aka gina makaranta, allo da tawada kyauta, kunu da safe. Ya ce kuma duk uwar da ta kawo ɗanta, ranar Laraba za a ba ta gero da damin itace.

Kin san mutane. Ba a yi wata biyu ba aka fara aron yara. Wata ta ɗauko 'yar maƙwabciyarta ta karɓi gero, anjima uwar yarinyar ta zo da ita ta sake karɓa. Labari ya kai kunnen sarki, ya fusata. Ya sa aka yi shela: ranar Laraba mai zuwa kowace mace za ta tsaya a ƙofar fada, ta ɗora hannu a kan ɗanta, ta faɗi sunansa na yanka da ƙarfi kowa ya ji. Wadda ta kasa, ɗan ba nata ba ne. A karɓe shi a ajiye a fada har a gano iyayensa, ita kuma a fitar da ita daga gari.

Waziri ya ji, ya dubi liman. Liman ya dubi ƙasa.

A cikin matan bayan marina akwai wata ana ce mata Lantana. Shekarunta ba su wuce ashirin da uku ba. Mijinta mai haƙar rijiya ne, rijiya ta rufta da shi tana da ciki wata shida. Ya bar ta da yarinya 'yar shekara shida, ga kuma jaririn da ta haifa bayansa. Yarinyar ita ce 'yar farinta. A tsakiyar damina aka haife ta, shi ya sa unguwa ke kiranta Marka. Geron sarki shi ne abincinsu daga Laraba zuwa Asabar, sauran kwanakin kuma sai abin da taɓarya ta kawo. Marka kuwa ta fara haɗa baƙi, in ta dawo takan zauna bakin bukka tana zane a ƙasa da tsinke, uwar ta yi kamar ba ta gani, alhali ko ƙafa ba ta bari a taka wurin.

Ranar Laraba Lantana ta goya jariri, ta bi layi, Marka na riƙe da gefen zanenta. Ta ji shelar, amma ta ɗauka lakabi zai wadatar. A gabanta akwai wata mai daddawa, Kulu, da 'yar ƙanwarta a hannu. Kowa a unguwa ya san Kulu ba ta taɓa haihuwa ba. Da aka zo kanta ta dafa kan yarinyar, ta rangaɗa sunan har da na uban, ta ƙara da rungume ta tana cewa ita ce hasken idonta. Magatakarda ya gyaɗa kai, aka auna mata gero, ta wuce tana gyara ɗankwali.

Aka zo kan Lantana. Ta ɗora hannu, ta ce Marka.

Magatakarda ya ce wannan lakabi ne, sunan da aka raɗa mata ranar suna ake so.

Lantana ta ɗaga ido. Maza ne cike da wurin, dogarai, fadawa, 'yan kallo a kan katanga. Sunan yana nan a bakinta, ita ta fi kowa saninsa, amma tun ranar da aka raɗa shi bai taɓa fita daga leɓenta ba. Uwarta ba ta taɓa kiran sunan yayar Lantana, 'yar farinta, ba har ta mutu, kakarta ma haka. Ta faɗe shi a nan, ji take kamar an ce ta kwance zanenta a tsakiyar kasuwa. Ta buɗe baki, harshe ya yi nauyi. Ta motsa leɓe. Magatakarda ya ce bai ji ba. Ta sake gwadawa, sai hawaye. Bai jira na uku ba, ya ɗaga hannu, dogari ya ɓamɓare yatsun yarinyar daga zanen uwarta ya yi ciki da ita.

Mata goma sha ɗaya aka yi wa haka ranar, dukkansu ƙanana, dukkansu 'ya'yan fari suka kawo. Aka ce su dawo gobe da hantsi a yanke musu hukunci.

Lantana ta bi dogarin tana cewa za ta faɗa, wallahi yanzu za ta faɗa. Magatakarda ya ce ta makara. Umurnin sarki ne, wadda ta bar layi ba a sake saurarenta, don ana iya raɗa mata sunan a kunne.

Ta je wurin mai unguwa, ya ce ya san 'yarta ce, amma shi ma yana da 'ya'yan da zai ciyar. Ta je ƙofar liman, aka ce ba ya jin daɗi. Rana ta karkata, nono ya cika mata, jariri na kuka ta ma kasa zama ta ba shi. Daga ƙarshe ƙafarta ta kai ta gidan Inna Tabawa, tsohuwar ungozomar da ta karɓi haihuwar kusan duk wanda ke numfashi a wannan gefen gari.

Ta same ta tana gasa wa wani jariri cibi. Tsohuwa ba ta ɗago ba, ta ce ta zauna ta shayar da na bayanta tukuna, magana ba ta shiga kunne in yaro na kuka. Lantana ta zauna, ta ba da labari tana sheshsheka. Inna Tabawa ta gama abin da take yi, ta naɗe jaririn ta miƙa wa uwarsa, ta wanke hannu, sa'an nan ta tambaya ko akwai wanda ya gaya wa sarki. Lantana ta ce kowa tsoro yake ji.

Tsohuwa ta ce, "To ni ba ni da rawanin da za a tuɓe. Gobe ki biyo ta nan, ki riƙe mini hannu, gwiwata ba ta son tudu."

Washegari da hantsi fada ta cika. Aka zaunar da matan a rana, yaran kuma a can gefe cikin inuwar zaure, dogarai tsaye a tsakani. Lantana ta hango Marka. An yi mata wanka, an sa mata riga sabuwa, amma idonta ya kumbura. Da yarinyar ta yunƙura za ta taso, dogari ya tare ta da sanda. Lantana ta sunkuyar da kai ta ciji gefen mayafinta.

Sarki ya fito, aka yi gaisuwa. Ya ce shi ya buɗe hannu don marayu da masu goyo, aka mayar da shi abin wasa, yau kuwa zai nuna wa gari cewa alherinsa ba wauta ba ne. Yana shirin ba da umurni sai ga tsohuwa ta ratso tsakiyar fili tana dogara sanda. Ta durƙusa da ƙyar.

Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, ya sarki. Baiwarka tana da tambaya, in an yarda."

Sarki ya tambaya wace ce.

Ta ce, "Ni ce wadda mutanen garinka suke fara gani kafin su gan ka. Rabin masu manyan rigunan nan tsirara na fara saninsu. Waziri ma da ƙafa ya zo, ya wahalar da mu tun asuba har azahar."

Wasu suka danne dariya, Waziri ya gyara zama. Sarki bai yi murmushi ba. Ya ce ta yi tambayarta ta taƙaita.

Ta ce, "Ya sarki, mutum biyu ne suka shiga kasuwa, kowanne ya rufe abu a ƙarƙashin rigarsa. Ɗaya sata ya yi, ɗaya kuwa nasa ne, yana jin nauyin idon mutane a kai. Da me za ka raba su?"

Sarki ya ce a ce su buɗe. Mai gaskiya zai buɗe, ɓarawo zai ƙi.

Ta ce, "In kuma ɓarawon ne mai saurin buɗewa fa, don abin ba ya masa zafi?"

Sarki ya murtuke fuska. Ya ce ya gane inda ta dosa, kuma ba ya son kewaye-kewaye. Ya ce babu uwar da za ta ɗauki ciki wata tara, ta haifa, ta shayar, sa'an nan a ce sunan ɗanta ya gagare ta. Duk wadda ta kasa, ba ita ta haifa ba. Wannan hukunci ne, ya fita daga bakinsa, kuma ya hau kan kowace mace a ƙasarsa.

"Kowace mace, ya sarki?"

"Kowace mace."

Tsohuwa ta gyara riƙon sandarta. Sa'an nan ta ce, "To, a aika cikin gida wurin Mai Babban Ɗaki, mahaifiyarka. A ce ta faɗi sunanka na yanka a gaban jakadiya da shaidu biyu."

Wani dogari ya kai hannu ga takobi. Ka taɓa uwar sarki a bainar jama'a, ba ƙaramin abu ba ne. Sarki ya daɗe yana kallonta. Shi dai a saninsa babu mai kiran sunansa, daga mai cewa zaki sai mai cewa ranka ya daɗe, don haka bai taɓa lura da wanda ke faɗa da wanda ba ya faɗa ba. Ya ce za a aika. Amma in ta faɗa, tsohuwa za ta bi matan nan goma sha ɗaya ta fita daga gari yau, da gwiwar tata da komai, kuma ba za ta sake karɓar haihuwa a ƙasarsa ba. Ta ce ta yarda.

Jakadiya ta shiga da shaidu biyu. Aka zauna jira.

Kin san jira irin wannan. Rana ta hau, ƙasa ta yi zafi, babu mai tari. Lantana tana ta lissafi a ranta: matar nan ta fi shekara arba'in a gidan sarauta, wa ya san ko ta bar al'adar talakawa? In ta faɗa, shi ke nan, kafin azahar ita Lantana tana bayan ganuwa da jariri, Marka kuwa ta tashi a fada ba ta san inda uwarta ta nufa ba. Jaririn ya motsa a bayanta, ta jijjiga shi a hankali don kada ya yi kuka sarki ya ƙara fusata.

Jakadiya ta fito ita kaɗai, ta faɗi ta yi gaisuwa. Ta ce Mai Babban Ɗaki ta juya fuska ga bango, ta ce a je a tambayi liman, shi ya raɗa.

Sarki ya ce ba ta fahimta ba ne. A koma a gaya mata umurnin sarki ne, a kuma gaya mata hukuncin wadda ta ƙi.

Jakadiya ta koma. Wannan karon ta fi daɗewa. Waziri ya shiga share gumi da hannun riga. Inna Tabawa tana durƙushe inda take, ba ta nemi a ba ta izinin zama ba.

Da jakadiya ta sake fitowa, shaidun na bayanta, ba ta iya ɗaga kai ba. Sarki ya ce ta yi magana. Ta ce tana neman afuwa, saƙo ne aka ba ta. Ya ce ta faɗa yadda aka faɗa mata.

Ta ce, "Ta ce a gaya wa mai gari, ta sa an fara ɗaure mata kaya, a nuna mata ƙofar da za ta bi. Ta ce shekara arba'in da ɗaya sunan nan bai fita bakinta ba sai in goshinta na ƙasa, tana gaya wa Wanda ya ba ta shi. Ba za ta fara yau ba."

Babu wanda ya motsa. Ashe tun dawowar sarki, in ya shiga gaishe da mahaifiyarsa takan kau da kai, ta amsa a taƙaice, ta tambayi lafiyar kowa ban da tasa. Shi kuwa ya ɗauka nisan da aka yi ne ya cire shi daga ranta, ya haɗiye abin bai gaya wa kowa ba.

Can ya ce, a hankali, "Tsohuwa, mene ne wannan?"

Ta ce, "Kunyar ɗan fari ce, ya sarki. A nan uwa ba ta kiran sunan wanda ta fara haifa, ba ta yabonsa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ba ƙi ba ne. Abin ne ya yi mata girma a rai har ba ta iya fito da shi fili. Goggo za ta iya kira, maƙwabciya za ta iya kira, mai aro ma za ta iya kira har da guɗa. Uwar ce kaɗai ba za ta iya ba. Tarkonka ya saki waɗanda ka ɗana wa, ya kama waɗanda ka gina makarantar dominsu."

Sarki ya juya ga Waziri ya tambaye shi ko ya san da haka. Waziri ya ce kowa a fadar ya sani. Ya tambayi abin da ya hana a gaya masa. Waziri ya taɓa rawaninsa, sarki kuma bai sake tambaya ba, don ya san amsar.

Ya ɗaga hannu, dogarai suka janye. Yara suka kwaso da gudu. Marka ta zo ta faɗa jikin uwarta tana kuka. Lantana ba ta rungume ta ba, ba ta ko dube ta ba, ta kau da fuska gefe kamar ba ta san wadda ta zo ba. Sarki yana kallo. Ya ce da tsohuwa, ga shi an mayar mata da 'yarta amma ko kallo ba ta ishe ta ba.

Inna Tabawa ta ce, "Kada ka dubi fuskarta, ya sarki. Dubi ƙarƙashin mayafin."

Ya duba. Hannun Lantana ya kama wuyan hannun yarinyar, ya riƙe har jijiyoyi sun fito.

Sarki ya sunkuyar da kai ya daɗe. Da ya ɗago, ya sa aka kawo wa tsohuwa buzu ta zauna, ya tambaye ta yadda zai yi ya raba mai aro da mai haihuwa. Ta ce ya daina tara mata a ƙofar fada ana kallonsu. Kowace unguwa tana da ungozoma, ita ta san wadda ta yi naƙuda da wadda ta zo barka. A kai geron can, a bayar a tsakar gida. Ta ce kuma masu aron nan kada a kore su, yunwa ce ta koya musu, a ba su nasu da sunansu. Ta ƙara da cewa akwai 'yan mata da yawa da ba sa zuwa makarantar don suna rainon ƙannensu iyaye na wurin surfe, in da za a yi rumfa a gefe a sa tsofaffi biyu su riƙa karɓar jarirai, da ya ga yadda wurin zai cika. Sarki ya ce a yi duka. Ya sa aka nemo bafaden da ya tuɓe aka mayar masa da rawaninsa.

Sa'an nan ya miƙe, ya ce kada kowa ya biyo shi. Ya cire takalmi tun daga ƙofar cikin gida, ya shiga wurin mahaifiyarsa. Abin da suka ce wa juna babu wanda ya ji. An dai ce kafin ya shiga ya tsaya ya juyo ga fadawa ya ce, "Mai mulkin da bai san abin da talakansa ke jin kunya ba, ko kyauta ya miƙa, bulala ce ke sauka. Adalci tambaya yake fara yi kafin ya yanke."

Haka kakata ta ba ni shi.

Bari in tashi, 'yar nan. Ga wasu biyu can sun shigo da goyo, sun tsaya bakin ƙofa sun kasa ƙarasowa, kuma kunun yara na kan wuta. Ki ɗan riƙe mini wannan jaririn ya yi barci, ina zuwa.